Wa Ke Bin Sawun Yaron Da Ya Daina Zuwa Makaranta?

A kowace makarantar gwamnati da ke Jos, daga Unguwar Rogo har Bukuru, akwai littafin rajista. Da safe fom masta zai buɗe shi ya kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amsa a yi masa alama, wanda bai amsa ba a zana masa sifiri. Sifiri ɗaya ba abin damuwa ba ne, ƙila zazzaɓi ne ko ruwan safe ya tare yaro. Amma akan sami layin da sifiri ya jeru mako biyu, mako uku, har zangon karatu ya ƙare. Zango na gaba idan aka zo sake kwafar sunaye sai a tsallake wannan suna, shi ke nan an wuce wurin. Makaranta ta san yaron ya ɓace, ta ma rubuta ranar da ya fara ɓacewa, amma cikin duk ma'aikatanta babu mutum ɗaya da ake biya domin ya tashi ya je ƙofar gidansu ya yi sallama ya ji ko lafiya.

Wannan mutumin da babu shi, shi nake so Gwamnatin Jihar Filato ta ɗauka aiki. A ƙasashen da suka daɗe da tsarin, jami'in walwalar jama'a ne da aka horar aka ajiye shi a makaranta. Ba ya koyar da darasi, ba ya riƙe bulala, rabin wuninsa ma a wajen get yake yi. Aikin ya faro ne a Amurka wajen 1906, a Boston da wasu birane, lokacin da azuzuwa suka cika da 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani talakawa, malamai suka kasa gane kansu, sai aka sami mata masu zagayawa gida-gida suna haɗa abin da ke faruwa a ɗaki da abin da ake gani a aji. Har yau jigon aikin bai canja ba. Yaro da damuwar gidansu yake shiga aji, don haka dole a sami mai bin damuwar zuwa inda ta fito.

Na san za a ce ai muna da malaman ba da shawara. A takarda muna da su tun 1977, lokacin da manufar ilimi ta ƙasa ta ce a sa su a makarantun gaba da firamare. Duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya san yadda abin ya kasance. Inda ma akwai malamin shawarar, galibi an jibga masa darasi aji huɗu ko biyar saboda ƙarancin malamai, sai dai a tuna da ainihin aikinsa idan 'yan aji uku za su zaɓi kimiyya ko kasuwanci, ko an zo cika fom ɗin JAMB. Firamare kuwa, inda matsalar ke fara tsiro, ba a ma zancen. Ba raina aikinsu nake yi ba, akwai masu ƙoƙari ƙwarai a cikinsu. Sai dai malamin shawara a ofis yake zaune yana jiran yaro ya zo ya same shi, yaron da nake magana a kansa kuwa makarantar ma ya daina zuwa, balle ofis. A can gefe kuma akwai jami'an walwala a ma'aikatar mata da sakatariyar ƙananan hukumomi, amma su sai magana ta lalace take isa teburinsu: rigimar riƙon yara bayan saki, jaririn da aka tsinta, yaron da 'yan sanda suka kawo. Tsakanin ofisoshin nan biyu akwai fili fetal, a nan yaranmu ke zubewa.

Dokoki dai ba mu rasa su ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma tanadi hukunci ga uban da ya ƙi sa ɗansa: gargaɗi a karon farko, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Filato ta karɓi dokar kare haƙƙin yara tun 2005. A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu aikin walwala rajista, a farkon 2023 kuma sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta san yadda za ta ci uba tara, amma ba ta turo wanda zai tambaye shi me ya hana yaron zuwa ba.

Kowane gari a ƙasar nan na buƙatar irin wannan ma'aikaci, amma buƙatar Jos daban ce. A ƙiyasta yaron da yake ɗan shekara takwas ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, ranar da gari ya kama da wuta aka yi asarar rayuka kusan 1,000 cikin ƙasa da mako guda. Yau ya haura talatin, shi ne uban ɗan firamaren da ke zaune a aji. Ya ga rikicin Nuwamban 2008 yana matashi, ya ga na Janairun 2010, ya ga bam ɗin kasuwar Taminus na Mayun 2014 da ya ci mutum fiye da 100. Da wuya a ce an taɓa zaunar da shi an tambaye shi abin da idonsa ya gani. An ce ya yi haƙuri, ya kuma yi, amma abin da ya haɗiye yakan ɓullo ta wata hanya: saurin hannu a gida, rashin barci, wani ma ƙwaya. A wannan ɗakin 'ya'yansa ke tashi. Ga kuma sababbin shigowa, waɗanda tashin hankalin Mangu da Bokkos da Barkin Ladi da Riyom ya koro, Kirista da Musulmi, suka rakuɓe gidajen dangi a cikin gari. Sai a kawo yaro tsakiyar zango a cusa shi aji, babu wanda ya gaya wa malamin cewa wannan yaron a gabansa aka ƙone ƙauyensu ko rugarsu. Haka yaran da aka zaƙulo da rai daga ginin makarantar da ya rufta a Busa Buji cikin Yulin 2024, inda mutum 22 suka rasu. Asibiti ya ɗaure karaya ya ɗinke rauni, amma yaron da ya yi sa'o'i ƙarƙashin kankare kusa da gawar abokinsa, duk ajin da ya sake shiga sai ya ɗaga kai ya dubi rufi.

Duk wanda ya koyar a tsakiyar Jos ya san maganar da ke watsa makaranta cikin minti goma: "An fara." Ba sai an faɗi me aka fara ko a ina ba. Wani lokacin tayar mota ce ta fashe a Bauchi Road, wani lokacin 'yan keke ne suka yi sa-in-sa da jami'ai mutane suka ruga. Kafin ka ankara get ya cika da iyaye mata, wata mayafi a hannu ko yafawa ba ta yi ba, wata da takalmi wari da wari, kowacce na ƙwala kiran sunan ɗanta. Manyan yara na dira ta taga. Wani ƙaramin ya shige ƙarƙashin benci ya toshe kunnuwa, sai an jawo shi da ƙafa. Zuwa la'asar a ji ashe ba komai. Washegari a buga ƙararrawa, malamin lissafi ya shigo ya ce a buɗe shafi kaza, kamar jiya ba a yi ta ba. Yawancin yaran kan ware da kansu, yaro akwai saurin mantuwa. Amma akwai 'yan kaɗan da ba sa dawowa daidai: wannan ya koma fitsarin kwance, wancan ya ɗauke wuta ya daina magana, wani kuma ya zama mai cin zali, abu kaɗan sai duka.

Wannan ba camfi ba ne, likitoci sun daɗe da bayaninsa. Idan mutum ya firgita, jiki kan saki wasu sinadarai da ke shirya shi ya gudu ko ya kare kansa, bugun zuciya ya ƙaru, hankali ya tattara kan inda haɗari zai ɓullo. Idan na ɗan lokaci ne, amfani yake yi. Idan kuwa a haka yaro ke kwana yake tashi, saboda dukan da uba ke yi wa uwa, ko yunwa, ko fargabar dare, sai natsuwa da riƙe karatu su yi rauni. Malami na ta bayani a allo, shi kunnensa na kan motsin bayan taga. Koyar da irin wannan yaro kafin a kwantar masa da hankali zuba ruwa ne a kwando, mu kuma sai mu sa masa suna daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yaro bakwai masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan larurori kafin shekara 14 suke farawa. A nan gida, binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara 6 cikin 10 sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, yarinya ɗaya cikin huɗu kuma ta fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, sannan waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Duk wanda ya san cunkoson ajin gwamnati ya yi lissafin da kansa.

A wata ƙaramar sakandaren gwamnati da nake cikin kwamitin kula da ita, akwai wata 'yar aji biyu da kowa ya sani da abu biyu: makara da gyangyaɗi. Ta sha tsallen kwaɗo a bakin get, ta sha durƙuso a gaban ofis, an ma fara yi mata laƙabi. Wata malama ce, don Allah kawai, ta bi ta gida bayan an tashi. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya, can cikin lungu. Ta yi sallama, ta tarar da uwar kwance a tabarma, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye.

"Malama, ke ce da kanki? Wani laifin ta yi?"

"A'a Mama, ba laifi. Gaishe ki na zo yi. Na ga dai kwana biyu barci na damunta a aji."

"Ayya. Ai dole ta yi barci, 'yar nan. Tun kafin assalatu take tashi ta dafa awara, ta gyara ni, ta shirya ƙannenta, ta kai wa masu shayi, sannan ta wuce wurinku. Da yamma kuma talla. Tun da babansu ya rasu ita ce gidan."

Tambayar farko da uwar ta yi ita ta fi tsaya mini a rai, don ta nuna a tunanin talaka makaranta ba ta zuwa gida sai da laifi. Abin da ya biyo baya kuma babu wata dabara mai wuya a ciki. Malamar ta sami shugaban makaranta aka yafe kuɗin PTA, aka gaya wa malamin horo ya daina tare yarinyar a get. Ta nemo kawunta ta hannun mai unguwa, ashe yana nan cikin gari, ya san da ciwon amma bai san abin ya kai haka ba, ko kuwa bai so ya sani ba sai da aka faɗa masa gaban mutane. Matan Islamiyyar unguwar suka raba kwanakin zama da mara lafiya, aka fara kai ta gashin ƙashi asibiti. Yarinyar ba ta zama ta ɗaya a aji ba, amma ta daina barci, ta kuma rubuta jarrabawar aji uku. Duk wannan da kuɗin keken malamar aka yi shi, da lokacin da ya kamata ta ba nata 'ya'yan. Da aka yi mata canjin wurin aiki, ziyarar gida ta tafi tare da ita. Abin da nake cewa kawai shi ne a mayar da wannan aiki, mai albashi da horo da wanda zai duba ko an yi, ya daina zama sa'ar da yaro zai taka idan Allah ya haɗa shi da malama mai tausayi.

A taron iyaye idan na kawo wannan magana, akwai dattijon da ba ya rasa miƙewa ya ce, "Malam, mu ma da bulala aka tashe mu, ga shi mun zama mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ina girmama masu wannan ra'ayi, kuma ba cewa nake a bar yara sakaka ba. Amma masu faɗin haka su ne waɗanda suka tsira. Abokan ajinsu da bulala ta kora suka koma tasha da bakin kasuwa ba sa zuwa taron PTA balle a ji ta bakinsu. Kuma bulala ba ta tambaya. Wanda ya makara don kallon ƙwallo da wadda ta makara don ta yi wa uwarta wanka, duka ɗaya ake yi musu. Na farkon ƙila ya gyaru. Ta biyun darasi ɗaya take ɗauka, cewa makaranta ba ta damu da ita ba, kuma ranar da wani ya zo da zancen aure ko aikatau ba za ta yi gardama ba.

Wasu kuma cewa suke tarbiyya aikin iyaye ce da unguwa, ai ɗa na kowa ne, me ya kawo gwamnati cikin ɗakin mutane? Da gaskiyarsu game da yadda muka taso. A da maƙwabci na ganin yaro a lungu lokacin makaranta zai kamo kunnensa. Amma a dubi unguwanninmu na yanzu. Bayan kowane rikici mutane sun yi ta ƙaura suna komawa inda nasu suka fi yawa, har gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma na haya mai ɗaki goma, kowa baƙon kowa. Wanda ya tsawata wa ɗan wani yau yana iya kwana a ofishin 'yan sanda, ko yaran unguwa su tare shi da dare. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma uba na fita da asuba ya dawo bayan isha'i, uwa na can tana nata fafutukar. Tsohon tsarin nan bai mutu ba, labarin da na bayar shaida ne, tunda mai unguwa da matan Islamiyya da kawu su suka ɗauki nauyin. Sai dai yanzu ba ya motsawa da kansa, sai an sami wanda ya je ya taɓa kowa ɗaya bayan ɗaya. Jami'in walwala nagari ba ya ƙwace wa unguwa aikinta, tashinta yake yi.

Haka zancen aljanu. Yarinya ta yanke jiki ta faɗi a aji tana ihu, ƙawayenta biyu su bi ta, nan da nan a kira mai ruƙiyya, a makarantar da Kirista suka fi yawa a kira fasto. Ba ni da ja da addu'a, kuma duk jami'in da ya shigo unguwa yana yi wa imanin mutane dariya ya gama aiki tun kafin ya fara. Amma bayan an shafa addu'a sai a sami wanda zai tambaya: ta karya kuwa da safe? Wa take kwana ɗaki ɗaya da shi? Akwai wanda ke taɓa ta? Ko farfaɗiya ce, wadda ke da magani a asibiti? Limamai da fastoci da yawa sun san haka, su da kansu ke cewa a haɗa da asibiti. Abin da suka rasa shi ne mutumin da za su miƙa wa maganar.

Ga samari kuwa hanyar zubewa sananniya ce. Binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 na amfani da ƙwayoyi, a shekarar ce kuma aka haramta maganin tari mai kodin. A Jos mun san jangul, wato matattarar 'yan shaye-shaye, mun san sara-suka. Yaro ba ya wayar gari ya tsinci kansa a can. Da fashin rana ɗaya a mako ake farawa, sai aike, ya sayo wa manya sigari a ba shi canji, sai a ɗanɗana masa. Tsakanin fashin farko da ranar da za a kama shi da tiramol a aljihu akwai watanni, kuma duk suna rubuce cikin rajista. Idan aka kama shi me makaranta ke yi? Kora. Wato wanda da rabin wuni yake ba jangul, yanzu an sallama musu shi gaba ɗaya. Iyaye idan sun rasa yadda za su yi sai gidan mari, alhali mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu cikin sarƙa. Ta wajen Bukuru da Barkin Ladi kuma ramin kuza ne ke jan yara, don abin da yaro zai samu a wuni ɗaya ya fi ƙarfin wa'azin malami, ga ramukan na ruftawa da mutane. A nan ma ba lacca ake buƙata ba, zama ne da uba a yi lissafi: nawa yaron ke kawowa, ta ina za a cike gurbin, ko za a iya daidaitawa ya riƙa zuwa aji.

Akwai wata matsalar da ta keɓanta da Jos, wadda idan aka kauda kai a kanta shirin zai mutu tun ran gini. Wa zai shiga gidan wa? Garin nan ya rabu, akwai unguwannin da ma'aikaci Kirista zai yi tunani biyu kafin ya shiga lungunansu shi kaɗai, akwai waɗanda Musulmi ba zai taka ba bayan la'asar. Akwai kuma zargi mai tsohon tarihi a kowane ɓangare, cewa duk mai nuna wa ɗanka tausayi addininsa yake so ya canja masa. Gidajenmu da yawa kuma ba a shiga, namiji baƙo iyakarsa zaure ko ƙofar gida, alhali labarin yaro na wurin uwa a cikin ɗaki. Saboda haka a ganina yawancin waɗanda za a ɗauka su zama mata, masu jin Hausa sosai, a kuma tura su biyu-biyu, Musulma da Kirista, su yi aiki a rukunin makarantu ɗaya. Wadda gidan ya fi sakewa da ita ta shiga gaba, ɗayar ta riƙe rubutu. Hukumar gina zaman lafiya da jihar ta kafa a 2016 ta yi tarurruka da yawa a otal-otal. Mata biyu masu addini daban da ke hawa keke ɗaya suna neman yaron da ya ɓace daga aji, ina ganin za su koya wa unguwa abin da taron otal bai koyar ba.

Sai riƙon sirri, wanda a nan ne bambancin mai horo da mai kyakkyawar niyya ke fitowa. Bahaushe na iya jure talauci amma ba ya jure tonon asiri. Ranar da uwa ta ji cewa abin da ta faɗa cikin ɗakinta ya zama hira a ɗakin malamai, ƙofar ta rufe ke nan, da ta maƙwabta duka. Dole jami'ar ta san abin da za ta gaya wa fom masta, wato iya abin da zai sa ya sassauta wa yaro, da abin da za ta bar wa cikinta. Dole kuma ta san inda sirri ke ƙarewa. Idan ana lalata da yarinya, ko da ɗan gida ne, ko da malami ne a makarantar, babu zancen a rufa a sasanta. Don haka bai kamata shugaban makaranta ya zama shi kaɗai ne ubangidanta ba, sai ta sami wani ofis a sama da za ta kai ƙara idan mai laifin na cikin get.

Kuɗi fa? Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, a jihar da ake fama da azuzuwa marasa rufi da ƙarancin malamai. Ƙungiyar masu wannan aiki a Amurka na ba da shawarar jami'i ɗaya ga ɗalibai 250. Mu wannan mafarki ne, kada ma a fara da shi. A fara da mutum biyu ga kowane rukunin makarantun da ke kusa da juna, firamare da ƙaramar sakandare, a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da ƙananan hukumomin da ke ɗauke da 'yan gudun hijira. A haɗa da ƙananan makarantun kuɗi da na al'umma, don nan ne 'ya'yan unguwanninmu da yawa suke, can ma an fi korar yaro saboda bashin kuɗin makaranta ba tare da an san inda ya nufa ba. Ma'aikata ba za su yi wuyar samu ba. Jami'ar Jos na yaye masu digiri a ilimin zamantakewa da halayyar ɗan Adam da ilimin masu buƙata ta musamman kowace shekara, da yawansu na zaune gida, ga kuma jami'an walwalar da ke ƙananan hukumomi da za a iya ƙara wa horo a fito da su daga ofis. Ƙa'idar aikin ma a sauƙaƙe ta: yaron da ya yi kwana uku a jere bai zo ba, a kira waya, ya cika mako, a je gida. Kowace jami'a ta riƙe takarda ɗaya mai ɗauke da inda za ta tura abin da ya fi ƙarfinta, sashen masu larurar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, masu ba da shawara na NDLEA, ofishin walwala, 'yan sanda. A ƙarshen zango a tambaye ta abu ɗaya: yara nawa suka ɓace daga rajista, nawa suka dawo?

Abu biyu ne za su iya kashe shirin ko da an amince da shi, kuma duka mun saba ganinsu. Na farko a raba guraben wa 'yan siyasa, kowane kansila ya kawo ƙanwar matarsa, a wayi gari da masu karɓar albashi da ba su san hanyar unguwar ba. Ko a mayar da shi irin aikin wucin gadi na N-Power, a horar da mutum, uwaye su saba da fuskarta, bayan shekara biyu a sallame ta. Na biyun ƙarami ne a ido amma shi ne ke yanke hukunci: kuɗin zirga-zirga. Jami'ar da aka ba tebur da kujera ba a ba ta kuɗin keke da katin waya ba, cikin wata uku za ta koma zaman ofis, shugaban makaranta ya lura ba ta da aji, ya ce ta ɗan taimaka da darasin Turanci kafin a turo malami. Saboda haka idan Majalisar Dokokin Jihar za ta sa wannan a kasafin kuɗi, ta rubuta kuɗin zirga-zirgar a layinsa daban, ta kuma rubuta a takardar ɗaukar aiki cewa haramun ne a ba jami'ar walwala alli.